Dattin Kafet

Gwiwa huɗu muka yi asara a kakar wasa ɗaya, kuma babu ko ɗaya da wani ya taɓa mai ita. Abin da na kasa haɗiyewa ke nan. Da duka ne, da sai mu ce ƙwallo ce, dama ba a shigarta da farin kaya. Amma duk huɗun iri ɗaya ne: mutum yana gudu shi kaɗai, ya dasa ƙafa zai juya, jiki ya juya, ƙafa ta ƙi, sai ka ji ƙas, sai ka gan shi a ƙasa yana dukan fili da tafin hannu. Na huɗun yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kyaftin ɗin ƙungiyar, mai buga lamba sha ɗaya.

Ni ne mai gashin ƙashi na ƙungiyar. Shekara biyu ke nan da na gama karatu. 'Yan wasa suna kirana Likita idan suna son in danna musu cinya, Ɗan Boko kuma idan na hana su abin da suke so. Duk ranar da aka fitar da wani daga fili a kan gado, kalma ɗaya ce take zagaya benci: tsautsayi. Ni ban musa tsautsayi ba. Amma tsautsayin da yake zuwa gefe ɗaya na fili sau huɗu, ya kamata a tambaya wa ke buɗe masa ƙofa. Mu kuwa mun fi son mu girgiza kai mu ce Allah ya kiyaye gaba, mu koma atisaye kamar an kammala bincike.

Fili biyu gare mu. Akwai tsohon na ciyawa can baya, kusa da sito, mai tudu da kwari, wanda aka bar wa atisayen masu tsaron gida. Akwai kuma sabon, na ciyawar roba, kore shar rani da damina, wanda Ciyaman ɗin ƙungiyar ya sa aka shimfiɗa shekara ɗaya da rabi da ta wuce. Ba wanda yake ce masa fili. Daga Ciyaman har mai sayar da tikiti, kafet ake ce masa. Idan baƙo ya zo, kafin a ba shi ruwa sai an kai shi ya taka kafet.

Na karanta abin da masu bincike suka rubuta a kan roba da ciyawa har idona ya yi ja. Bakinsu bai zo ɗaya ba. Wasu sun ce roba ta fi cin gwiwa, wasu sun ce idan ana kula da ita bambancin ba shi da yawa. Abin da hankali ma yake kamawa shi ne: idan ƙafa ta kafe jiki ya juya, dole wani abu ya saki. A ciyawa ƙasa ce take saki, haƙoran takalmi su yago ɓangaren fili su tafi da shi. Idan fili ya ƙi saki, sai jijiyar gwiwa ta biya. Tambayata ita ce me ya sa namu kafet ɗin yake ƙin saki, kuma me ya sa a gefe ɗaya, daidai gaban rumfar manyan baƙi.

Wata tara na yi da gwiwar Yaya bayan an yi masa aiki. Ni na koya masa taka bene da sanda, ni na riƙe masa ƙugu ranar da ya fara tsayawa da ƙafa ɗaya yana zufa yana zagina. Yanzu ta warke, ranar Asabar kuma za mu buga wasanmu na farko a gida. Ciyaman ya gayyato mutane, Koci ya rubuta sunan Yaya. Abu ɗaya ya rage, takardar da zan sa wa hannu cewa kyaftin ya isa shiga fili. Jijiyar da aka dasa ba a cika yi mata gata sau biyu ba. Idan ta sake tsinkewa yana da shekara talatin da ɗaya, ya gama ƙwallo, sai dai mu roƙi Allah ya bar masa tafiya.

Ranar Litinin na zo fili tun rana ba ta ɗaga ba, abin da ban saba ba, don na yi wa Yaya alkawarin gudu kafin kafet ya yi zafi. Sai na tarar da Baba Mai Fili a gaban rumfar baƙi da buroshi mai tsauri a hannu. Shekara talatin yana kula da filin ƙungiyar nan, tun ba a haife ni ba. Ya tara wani baƙin abu tsibi-tsibi, yana kwasa da shebur yana zubawa a baro.

"Baba, ina kwana. Me ake kwashewa?"

"Lafiya lau, Likita. Dattin nan ne. Ni dai ban san daga ina yake fitowa ba. Kullum sai na share, kullum sai ya tsatso, kamar da mai shuka shi."

Na tsuguna na damƙa. Tsakin roba ne, ɓarɓashin taya da ake niƙawa a zuba tsakanin zaren ciyawar roba. Shi ne yake riƙe zaren a tsaye, shi ne ƙasar wannan fili, shi ne abin da ya kamata ya goce idan ƙafa ta juya.

"Tun yaushe kake sharewa, Baba?"

"Tun washegarin buɗewa. Ranar nan ai wani baƙo ya shigo da farin takalmi, ya fita da baƙi-baƙi a safa. Ciyaman ya kira ni gefe ya ce, 'Baba, wannan kafet ne, ba bola ba. Yadda ake share na falo haka za ka riƙa share shi, musamman nan gaban rumfa.' Ni kuwa ba a faɗa mini magana sau biyu."

"Ruwa fa? Kana ba shi?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Wa ke zuba wa kafet ruwa? Tiyon ai na mayar da shi baya, wurin mai rai."

"Ina kake zubar da dattin?"

"Zubarwa? Ni ban iya zubar da abu ba."

Ya ja ni bayan sito ya ɗaga tamfol. Buhuna ne jere, an ɗaure bakin kowanne da igiya, an ɗora su a kan katako don kada ruwa ya taɓa su, sun kusa kai tagar sito. Shekara ɗaya da rabi na biyayya ke nan, a shirye tsaf kamar kayan sayarwa.

Na koma fili da ƙusa da rula. A kusurwar nesa, inda idon Ciyaman ba ya kaiwa, ƙusa ta nitse kusan faɗin yatsa uku kafin ta taɓa ƙasan shimfiɗa. A gaban rumfa ko faɗin yatsa ɗaya ba ta yi ba. Zaren ya kwanta ya sarƙe kamar raga. Na tsaya a wurin da Yaya ya faɗi bara, haushi ya kama ni. Ba Baba nake jin haushi ba. Takardar kula da filin tana nan cikin durowar ofis, a ledarta, ba wanda ya taɓa yage bakinta. Ni kaina da nake taƙama da karatu, sai da gwiwa huɗu suka tafi kafin na zo aiki da sassafe.

Da Yaya ya iso na ce yau gudunmu a tsohon fili ne. Bai tambaya ba sai da muka koma gidansa da rana, muna zaune a falo, Anti matarsa tana jera kwanuka. Na kwashe komai na faɗa masa.

Ya gama taunawa tukuna. "To. Sai aka yi yaya?"

"Ba zan sa hannu ba, in dai a kan wannan filin ne yadda yake."

"Kai ɗin?"

"Ni ɗin, Yaya."

"Ni na koya maka ɗaure igiyar takalmi. Sau nawa na goya ka zuwa makaranta kana kuka da majina? Yau kai ne za ka ce ba zan buga ƙwallo ba."

"Ban ce ba za ka buga ba. Na ce ba a nan ba, kuma ba da waɗancan ba."

Na nuna takalmansa da ke bakin ƙofa, masu dogayen haƙoran ƙarfe guda shida. Shekara goma irinsu yake sawa. Da su yake yankansa da kowa ya sani, ya dasa hagu ya karkato ciki ya bar mai tsaron baya yana neman kansa.

"Masu gajerun haƙora na masu tsoron faɗuwa ne," in ji shi. "Ka san abin da Koci ya ce? Idan ban shiga ranar Asabar ba, rigar lamba sha ɗaya ta zama ta sabon ɗan wasan da aka ɗauko. Shekararsa ashirin da biyu, gwiwarsa ko ƙwarzane babu. Kana jin idan ya sa ta sau ɗaya zai cire?"

Anti ta ajiye jug ɗin ruwa da ɗan ƙarfi. "Ni dai na san wanda ya yi wata biyu yana ɗaukar ka zuwa banɗaki, kuma ba Koci ba ne."

"Ke kuma wa ya sa da ke?"

"Bayana ne ya sa da ni. Har yanzu yana ciwo."

Yaya ya ture kwano. "Ku biyun kun haɗa baki. Ɗan Boko, takardu sun cika maka kai. Fili fili ne."

Na gane magana ba za ta yi ba. Mutanenmu ba sa yarda da abin da aka karanto musu, sai abin da hannunsu ya taɓa, kuma a wannan ban ga laifinsu sosai ba. Da zan fita na roƙi Anti tsofaffin takalmansa biyu, ɗaya mai dogayen haƙora, ɗaya mai gajeru da aka taɓa ba shi kyauta bai sa ba. Na kai wa mai walda bututun ƙarfe biyu ya yi wa kowanne hannu a sama kamar kan keke. Na kafa su cikin takalman na cika da siminti, na jingine su a sito su bushe. Baba ya daɗe yana kallonsu, ya ce, "Likita, in dai ƙafar roba za ka yi wa mutum, wannan ta yi nauyi."

Ranar Laraba Ciyaman ya zo duba shirye-shirye. Mutum ne mai son a gan shi yana aiki, kuma in za a faɗi gaskiya yana son ƙungiyar. Matsalarsa ɗaya, duk abin da ya saya ba ya laifi. Yana tsaye gaban rumfa da Koci yana nuna inda za a sa kujeru, 'yan wasa suna miƙe jijiya a gefe, na turo baro da takalmin siminti mai dogayen haƙora da faya-fayan ƙarfe na ɗakin motsa jiki.

"Ranka ya daɗe, minti biyar nake roƙo."

"Likita, takardar kyaftin fa? Ban gan ta a tebur ba."

"Ita ce ta kawo ni."

Na kafa takalmin a kan kafet, na zura faya-fayan ta bututun har nauyin ya kai rabin mutum. "Ga ƙafar ɗan wasa, ga nauyinsa a kanta. Ka kama hannun nan ka juya shi, kamar zai yanke mutum."

Ya yi dariya, ya naɗe hannun riga don 'yan wasa su gani. Ya murɗa. Takalmin bai motsa ba. Ya gyara tsayuwa ya sake murɗawa har jijiyar wuyansa ta fito. Zaren kafet ya tattare ya yi ƙara, takalmin ya ɗan karkata ya tsaya. Ciyaman ya saki yana yarfe hannu.

"Siminti ne ai, dole ya yi nauyi."

"Mu je baya da shi, ranka ya daɗe. Simintin ba zai canja a hanya ba."

Duk ƙungiyar ta biyo mu tsohon fili. Baba ya ba shi ruwa da safe, ciyawar tana da laushi. Na kafa, na ɗora nauyi iri ɗaya. Ciyaman ya kama da ƙarfinsa duka, yana tsammanin gardama, sai takalmin ya juya ɓarat, ya yago ƙasa da saiwa, shi kuma ya yi taga-taga sai da Koci ya tare shi. Mai tsaron gidanmu ya ce ƙasa-ƙasa, "An yanke Ciyaman," aka danne dariya.

"Abin da ka ji a wuyan hannunka can," na ce, "shi gwiwa take ji. Bambancin, kai kana iya saki."

Na nuna masa ƙusa da rula, na kai shi bayan sito na ɗaga tamfol. Ya daɗe yana kallon buhunan. Na ga fuskarsa tana neman wanda za ta sauka a kansa.

"Wa ya kwashe wannan daga fili?"

Baba ya cire hula ya riƙe a hannu. Amsar tana bakina, da zafinta, kuma kowa a wurin ya san ta. Amma na san Ciyaman. Idan na ce shi ne a gaban yaransa, zai kafe fiye da takalmin, a buga wasa ranar Asabar a kan filin yadda yake don kawai a nuna ban isa ba.

"Sunan ne ya kwashe shi, ranka ya daɗe," na ce. "Mun ce masa kafet, sai muka yi masa abin da ake yi wa kafet. Ni ma shekara ɗaya da rabi ina takawa ban tambaya ba."

Ya dube ni, ya dubi Baba. Ya gane na bar masa ƙofa, kuma ya san na san ya gane.

"To me kake so?"

"A mayar da wasan nan baya, kan ciyawa."

"A'a. Na gayyato mutane su ga kafet, ba kiwon awaki ba."

"To a mayar da kowane buhu inda aka ɗebo shi, a ba filin ruwa kafin wasa. Ranar Juma'a in sake gwadawa. Idan ya saki, in sa hannu. Idan bai saki ba, kyaftin ba zai shiga ba, kuma zan rubuta dalili, da na sauran ukun."

"Ka san ba kai kaɗai ke da biro a garin nan ba."

"Na sani. Amma duk wanda za a kawo, a gaban 'yan wasan nan zan ba shi wannan ya murɗa kafin ya sa hannu."

Yaya yana can baya ya harɗe hannu, yana kallona kamar yau ya fara ganina. Ciyaman ya shafa wuyan hannunsa.

"Kada in ga baƙi-baƙi a safar kowa ranar Asabar," ya ce, ya juya ya nufi motarsa.

Koci ya sauke numfashi. "Wannan eh ce ko a'a?"

"Eh ce," in ji Baba, yana mayar da hularsa. "Shekara ashirin ina jin irinta."

Alhamis da Juma'a ba a yi atisaye ba, ko kuma in ce an yi wanda ya fi na kullum. Mutum ashirin da biyu, baro huɗu, buroshi duk wanda aka samu a unguwa. Na buɗe takardar da ke cikin durowa na karanta musu: a watsa kaɗan-kaɗan, a taje zaren ya miƙe, a sake watsawa. Ban kai ƙarshe ba Baba ya karɓe aikin daga hannuna. Ya ɗebi tsakin a shebur, ya karkata ƙugu ya watsa shi ya bazu daidai kamar an auna.

"Ashe takinsa ne," ya ce. "Da an ce mini taki ne tun farko, wa zai sa in taɓa shi? Kai, lamba tara, ba a jibgewa wuri ɗaya, ba kabari kake rufewa ba."

"Baba, ni ƙwallo aka ɗauke ni in ci."

"Bara guda nawa ka ci?"

"Uku."

"To riƙe shebur da kyau, wataƙila nan arzikinka yake."

Yaya bai yi mini magana ba kwana biyun nan. Amma shi ya fi kowa tura baro, kuma na lura duk buhun da ya ɗauko gaban rumfa yake kai shi. Biyu daga cikin waɗanda gwiwarsu ta tafi bara sun zo, ɗaya har yanzu da sanda. Mai sandar ya zauna a benci yana kwance bakin buhuna. Shi na fi kasa kallo.

Juma'a da la'asar buhu na ƙarshe ya shiga. Ƙusa ta nitse faɗin yatsa biyu da ɗan ɗori a gaban rumfa. Bai kai na kusurwa ba, don wani ya bi iska, wani ya bi safa zuwa gidajen mutane. Baba ya janyo tiyo daga baya ya jiƙa wurin, yana yi yana waige kamar mai sata. Na kafa takalman siminti biyu gefe da gefe, nauyi iri ɗaya, na ja da baya.

"Yaya, bismilla. Ba ni zan gwada ba."

Ya zo a hankali yana goge hannu a wando. Ya kama mai dogayen haƙora, irin nasa. Ya murɗa. Takalmin ya juya, amma sai da Yaya ya cije leɓe, kuma da fizga ya tafi, ba da sulɓi ba. Ya koma kan mai gajerun. Ya murɗa, takalmin ya bi hannunsa, tsakin roba ya watsu gefe. Ya sake komawa na farko, ya sake dawowa na biyu. Sau uku yana yi. Daga nan ya tsaya yana kallon tabon aikin da ke gwiwarsa.

"Waɗannan ka cika su da siminti," ya ce. "Da me zan buga?"

"Akwai sabbi a jakata. Lambarka."

"Wato tun Litinin ka gama yanke hukunci."

"Tun Litinin na san girman ƙafarka dai."

Na ciro takardar na ɗora a bayan baro. Na rubuta da manyan baƙaƙe: minti talatin, gajerun haƙora, a jiƙa fili kafin wasa da lokacin hutu. Na sa hannu, na miƙa wa Koci. Ya karanta ya ce minti talatin ba ta isa a nuna wa baƙi kyaftin ba. Na ce to a nuna musu shi a tsaye, ya fi a nuna musu shi a kwance.

Ranar Asabar rumfa ta cika. Baba ya fito da tiyo ana saura rabin awa, a gaban kowa. Wani baƙo ya tambayi Ciyaman ko kafet ɗin tsiro yake yi, na ji shi yana amsawa da cewa sabon tsari ne da ya kawo. Na bar masa. Wanda yake son a yi gyara ba ya tsayawa rigimar wa ya fara faɗa.

Sabon ɗan wasan ne ya fara a lamba sha ɗaya, kuma ba laifi, yana da gudu. Aka tafi hutu ɗaya da ɗaya. Minti sittin daidai Koci ya ɗaga hannu, Yaya ya cire rigar sama, filin ya ɗauki sowa. Gefen rumfa ya faɗo masa. Taɓawarsa ta farko ya mayar da ita baya, ta biyu ma haka. Ina tsugune a bakin layi da jakar ƙanƙara, ba ƙwallon nake kallo ba, ƙafarsa ta hagu nake bi duk inda ta sauka.

Ana saura minti shida aka jefo masa wata doguwa ta bayan mai tsaron baya. Ya tare ta da ƙirji, ya shiga da ita. Mutum ɗaya ya rage tsakaninsa da gola. Duk wanda ya san Yaya ya san abin da zai biyo baya, har rumfa ta miƙe tsaye. Ya dasa hagu, ya karkato da dukkan nauyinsa.

Ƙafar ta goce. Baƙin tsaki ya tashi kamar an watsa shi da hannu, Yaya ya tafi ƙasa a kan ƙugu, ƙwallon ta gangara ta fita. Na riga na taka layi da ƙafa ɗaya, sai na tsaya, don hannunsa bai je gwiwa ba. Ya zauna, ya duba ƙasan takalmin, ya miƙe tsaye shi kaɗai. Ya nemo ni da ido daga can, ya nuna ni da yatsa, ya faɗi wata magana da na gode wa Allah Anti ba ta kusa. Sannan ya juya a guje ya koma tsaron gefensa.

Ɗaya da ɗaya aka tashi. Wasu 'yan kallo suna fita suna cewa kyaftin ya tsufa. Ba zan iya rantsewa cewa da tsofaffin takalmansa ne a tsohon yanayin filin da jijiyar ta tafi ba, ba wanda zai iya. Abin da na sani, ƙafar ta kai inda dole wani abu ya saki, kuma fili ne ya saki.

A ɗakin canja kaya na sa shi ya kwanta a kan tebur. Na taɓa gwiwar da bayan hannu, ba zafi. Na matsa gefe da gefe, ba ruwa. Na riƙe cinyar da hannu ɗaya, na ja ƙaurin da ɗayan. Ta tsaya cak, yadda ake so. Na sake ja don in ji daɗin tsayawar.

"Ka cinye mini ƙwallo ɗaya," ya ce yana kallon silin.

"Na cinye."

"A gaban mutane. Da na ci ta, da yanzu ba wanda yake maganar yaron nan."

"Haka ne."

Na naɗa masa ƙanƙara. Ƙugunsa ya ɗan kuje, na shafa masa magani, ya ja tsaki.

"Koci ya ce Laraba akwai wasa a waje. Filin ciyawa ne."

"Na ji."

"Minti arba'in da biyar."

"Idan ba ta kumbura gobe da safe ba. Zan zo in gani da idona, kada ka ce za ka gaya mini a waya."

"Ka zo da wuri to. Antinka za ta ce ka tsaya ka karya, kada ka yi mata gardama, ta fi ni baki."

Ya sauko daga tebur, ya rataya jakarsa. Matakala goma sha biyu ce daga ɗakin zuwa inda ake ajiye motoci. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo, ya sauka ɗaya bayan ɗaya, hagu da dama, bai nemi ƙarfen riƙewa ba.